Shekarar Karatunmu Ta Fara Daga Kaka

Da zarar an gama hidimar Kirsimeti, ƙungiyoyin nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'unmu sukan zauna su tsara abin da za su yi a sabuwar shekara. Kusan kullum magana ɗaya ce ke fitowa: bana sai mun karance Littafin nan daga Farawa har Wahayin Yahaya. A ce amin, a raba takardar jadawali, kowa ya ninke tasa ya sa a tsakiyar Littafinsa. Ina cikin masu jagorantar irin wannan zama a nan Dakoro, kuma ina so in gaya wa ƴan'uwana ƙiri-ƙiri cewa wannan buri, duk da kyansa, ba don irinmu aka tsara shi ba. Watan da muke ɗaura niyyar bai dace da mu ba, abin da muke ƙirgawa kuma ya bar mafi yawan mutanenmu a baya.

Lissafin ba shi da wuya. Littafi Mai Tsarki irin wanda ke hannun akasarinmu yana da littattafai 66, surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Wanda zai ƙare shi cikin shekara sai ya karanta sura uku da ɗoriya kowace rana ta Allah, ba fashi. Ƙungiyar da ke haɗuwa sau ɗaya a mako kuwa, sura 23 ke jiran ta a kowane zama. Farawa da Fitowa tare sura 90 ne, wato kafin Janairu ya ƙare an wuce labaran da kowa ke marmarin ji, an faɗa cikin Littafin Firistoci da ƙa'idodin hadaya da na tsarki. A nan ne mutane ke fara sulalewa. Wanda kwana uku suka wuce shi ya ga bashin sura goma a kansa, kunya ta hana shi zuwa zama na gaba, daga nan sai gaisuwa a kasuwa.

Wannan tsari yana da asali mai daraja, ban raina shi ba. Jadawalin da ya fi shahara wani fasto ne mai suna Robert Murray M'Cheyne ya shirya wa ikkilisiyarsa a garin Dundee na ƙasar Sikotland a 1842: kusan sura huɗu a rana, a karance Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Mutumin ya san jama'arsa. Mazauna birni ne, akasarinsu sun iya karatu, kuma ba sa watsewa rabin shekara. Ya duba halinsu ya yanka musu abin da za su iya ɗauka. Abin koyi a wurinsa ke nan, mu kuwa muka ɗauko takardar muka bar dubawar. Su kansu surorin da muke tsere a kansu, sai a ƙarni na 13 aka raba Littafin haka, aikin da ake dangantawa da Stephen Langton na Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma sai a 1551 Robert Estienne ya buga su. An yi su ne don a sauƙaƙa neman wuri. Ba wanda ya ce da su za a auna ci gaban mai bi.

To, yaya shekarar mutumin Dakoro take? Garinmu yana kan gaɓar da ƙasar noma ta haɗu da ƙasar kiwo, tun 1961 ma doka ta shata iyakar noma ta arewa a wannan yanki. Daga saukar ruwan shuka, wajen Yuni ko Yuli, har a ɗaure hatsi a Oktoba, manomi ba shi da yammacin kansa. Ya dawo daga noma ko maimai jikinsa duk ya mutu, in ka zaunar da shi da dare a kan sura uku, kafin a kai ta biyu ya fara gyangyaɗi, kuma ba laifinsa ba ne. Makiyayi a lokacin ya yi arewa da dabbobi, ya haye kwarin Tarka, wasu har Ingal. Malaman lakwal da ɗalibai suna hutu, da yawa sun koma garuruwansu. Sai an kai hatsi rumbu ne gari ke cika: manomi ya sarara, dabbobi sun fara gangarowa, lakwal ta buɗe a Oktoba, ma'aikatan da aka yi wa canjin wuri sun iso. Cikar nan kuma ba ta daɗewa. Kafin sanyi ya kankama samari sun fara ɗaure kaya za su biɗa, wasu Agadas, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya, wasu Nijeriya. Ranar da muke zama a Janairu muna ɗaukar alkawari a madadin kowa, rabin majiya ƙarfinmu ba sa nan. Ba a tambaye su ba, ba su san abin da aka yanke ba, sai su dawo a bakin damana su tarar an yi nisa a wani littafi da ba su ji farkonsa ba.

Don haka abu na farko da nake roƙon dattawan ikkilisiya shi ne a mai da zaman tsara shekara zuwa kaka, a haɗa shi da sujadar godiya, ranar da ake shigo da damman hatsi da wake majami'a. Ranar kowa yana nan, kowa ya san abin da ya samu a gona, saboda haka ya san ko zai zauna ko zai tafi. Alkawarin da mutum ya ɗauka a ranar ya san da me zai cika shi.

Abu na biyu ya fi ci mini rai. A Nijar manyan da suka iya karatu ba su kai rabi ba, a karkara kuma, musamman tsakanin mata, abin ya fi haka ƙasa. Waɗanda suka yi lakwal ma da Faransanci suka koya, sai ka miƙa wa mai takardar sakandare Littafin Hausa ka ga yana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Ku leƙa zaman Zumuntar Mata da yamma. Su ne suka fi kowa zuwa, su ne ba sa fashi ko ana zafi ko ana hazo, sun gama daka sun ɗora tukunya sun taho da goyo. Mace za ta kwance Littafinta daga cikin leda, don ƙura da gara, ta buɗe inda maƙwabciyarta ta buɗe, ta riƙe shi da hannu biyu har a tashi, alhali ko layi ɗaya ba ta iya bi. Jadawalin sura uku a rana me ya tanadar mata? A ƙarshen shekara za a rubuta a rahoto cewa ƙungiya ta karanta littattafai kaza, ita kuwa tana nan inda take bara.

Wata dattijuwa a ƙungiyarmu takan tsayar da mai karatu ta ce, "Malam, dakata, nan wurin bai shige ni ba, maimaita." Wasu sukan ƙosa, don lokaci na tafiya kuma akwai sauran surori. Ni kuwa a ganina ita ce ta fi mu fahimtar abin da ya tara mu. A Nehemiya sura 8, da Ezra ya karanta Shari'a a gaban jama'a, akwai Lawiyawa da suka bi suna bayyana ma'anar don mutane su gane. A Ayyukan Manzanni sura 8, mutumin Habasha yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya, abin da Filibus ya fara bincika shi ne ko yana gane abin da yake karantawa. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu a ƙarshen shekara ke nan.

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke kwana muke tashi tare da su, suna da wata ƙa'ida a makarantar allo da ta daɗe tana burge ni. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam abin da ke kai, malam ya tabbatar ya zauna, sannan a yi masa ƙari. Ba a ce wa dukan yara su sauke rana ɗaya. Kowa da inda ya kai, kuma malam ya san inda kowa yake. Abin da nake so mu ɗauka ke nan: kada a wuce sura sai an biya.

Kakanninmu a bangaskiya ma da koyon baƙi suka fara. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zo Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma koyar da karatun Hausa na cikin manyan ayyukanta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. An yi wannan wahala ne don talaka ya karanta da idonsa cikin harshen da ya sha a nono. Mu da muka gaji Littafin muka saki aikin koyarwar, muka bar wa fasto da mutum biyu-uku su yi ta karanta wa sauran.

Ga burin da nake ganin ƙungiya a Dakoro, ko Kornaka, ko Birnin Lalle, za ta iya ɗauka ta kuma cika. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu mako 17 ne, lokacin sanyi, dare yana da tsawo, ciki da ɗan abinci. Bisharar Markus sura 16 ce, gajera, labari na bin labari. Sura ɗaya a mako. A karanta sau biyu da ƙarfi, a rufe Littafi, a ce wani ya faɗi abin da ya ji da bakinsa, sauran su cike inda ya tsallake. Bafulatanin da Hausa ba ta zauna masa sosai ba a bar shi ya maimaita da Fulatanci, wani ya juya. Kafin kowane zama a ware rabin awa na koyon baƙi, kowane mai iya karatu ya riƙe mutum ɗaya da sunansa, shi ne nasa har shekara ta zagayo. Idan bazara ta shigo, rana ta yi zafi, rumbu ya fara nuna ƙasa, a koma labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50. Mutanen da suka ga yunwar 1984 da ta 2005, waɗanda ƴaƴansu ke ƙetare hamada neman abinci, ba sa bukatar dogon sharhi kafin su gane shekarun ƙoshi da na fari, da ɗan'uwan da aka sayar, da uban da ke jiran labari. A nan za ka ji dattijon da bai taɓa buɗe baki a zama ba ya karɓe magana. Da damana a rage zama, a riƙe gajerun Zabura da za a haddace a tafi da su gona. Da kaka a karanta Rut, sura huɗu kacal, labarin yunwa da ƙaura da kala a gonar mai hali.

Masu tafiya biɗa kuma a sa su cikin lissafi tun farko. Kusan kowane saurayi yana da waya, kuma akwai Sabon Alkawari na Hausa da aka ɗauka da murya. A sa musu Markus a katin waya kafin su hau mota, su san surar da ake ciki kowane mako. Wanda ya samu layi ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, a kunna wa jama'a a zama. Yaron da ke kwana a rumfa a Agadas ya san ana ambaton sunansa a gida ranar zaman ƙungiya, wannan kaɗai yana riƙe mutum.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa ba su yi ƙarya ba. Idan kullum Markus da Yusufu da Rut ne, yaushe jama'a za su san Ishaya ko Romawa? Ƙaramin buri kuma ba ya koya wa mutane lalaci? Amsata ita ce a shimfiɗa tsarin a kan shekaru biyar ko shida, dattawa su rubuta su ajiye, kowace shekara Bishara ɗaya ko wasiƙa ɗaya da wani yanki na Tsohon Alkawari, har a ratsa manyan sassan Littafin. Wanda Allah ya ba karatu da sarari, ya ɗauki jadawalin shekara guda a ɗakinsa, zan ƙarfafa shi, ni ma ina amfana da shi. Amma zaman ƙungiya na kowa ne, tafiyarsa kuma tafiyar mai rauni ce. Batun lalaci kuwa, duk wanda ya taɓa zaunar da mace mai shekara 50 yana nuna mata bambancin b da d har ta haɗa kalma da kanta, ya san wannan ya fi karance sura 23 wuya nesa ba kusa ba.

Akwai ƴan abubuwa da ke bukatar kuɗi, kuma gara a faɗe su tun ranar godiya, lokacin da hannu ke da ɗan abu. Dattawa da yawa sun iya karatu, ido ne ya gaza, rubutun Littafin kuma ƙanana ne. Tabarau na karatu a kasuwa bai fi ƙarfin ikkilisiya ba. Ana bukatar fitila mai aiki da hasken rana, da allo da alli, da Littafi ko biyu na aro don masu koyo. A sayar da ƴan tiyoyi daga hatsin godiya a sayi waɗannan kafin a kasafta sauran.

Takardar rahoton da muke aikawa sama a ƙarshen shekara ita ma a sake mata tambayoyi. Yanzu abin da ake cikewa shi ne yawan zama da yawan littattafan da aka karanta. Ina roƙon shugabanninmu na yanki su ƙara layi uku: mutum nawa ne bara ba sa karatu bana suna yi, mutum nawa za su iya ba da labarin Bisharar da aka nazarta da bakinsu, kuma cikin waɗanda suka tafi biɗa, nawa ne ƙungiya ta riƙa jin ɗuriyarsu har suka dawo.