Ajantina: Marubucin da ya ƙi yarda da bayanin sojoji

Tun bayan da Javier Milei ya hau mulkin Ajantina a watan Disambar 2023, muhawara ta sake kunno kai game da abin da ya faru a zamanin mulkin soja na 1976 zuwa 1983.

Shi dai Mista Milei ya fito fili ya musanta adadin mutane 30,000 da ƙungiyoyin kare haƙƙin bil Adama ke cewa sun yi ɓatan-dabo a wancan lokaci. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojojin ta tattara sunaye kusan 9,000, amma ta ce adadin ya zarce haka.

Wannan taƙaddama kan wanda ke da ikon faɗin tarihin ƙasa, ita ce ta mamaye rayuwar Tomas Eloy Martinez, ɗan jarida kuma marubucin ƙagaggun labarai, wanda aka haifa a Tucuman a 1934.

A ranar 22 ga watan Agustan 1972, wato tun a zamanin wata gwamnatin soja da ta gabata, an harbe fursunonin siyasa 19 a wani sansanin sojan ruwa da ke kusa da garin Trelew, inda 16 suka mutu. Hukumomi sun ce fursunonin sun yi yunƙurin tserewa ne.

Martinez, wanda ke jagorantar mujallar Panorama a lokacin, ya wallafa rahoton da ya nuna shakku kan wannan bayani. Nan take aka sallame shi daga aiki, kuma daga bisani sojoji suka ƙona littafin da ya rubuta kan kisan.

A 1975 ƙungiyar 'yan ina-da-kisa ta Triple A ta yi masa barazana, lamarin da ya tilasta masa yin gudun hijira zuwa Venezuela.

To sai dai kuma abin da ya fi fito da sunansa a duniya shi ne littafinsa na Santa Evita, wanda ya fito a 1995. Littafin ya bi sawun gawar Eva Peron, matar tsohon shugaba Juan Peron, wadda ta rasu a 1952. Sojojin da suka hamɓarar da mijinta a 1955 sun ɗauke gawar, suka binne ta a asirce a birnin Milan na Italiya da sunan bogi, ba a mayar wa Peron da ita ba sai a 1971.

A littafin, Martinez ya cakuɗa hujjojin aikin jarida da ƙage, ta yadda da wuya mai karatu ya bambanta su. Ana iya kallon wannan salo a matsayin martani ga gwamnatocin da suka riƙa shirya ƙarya suna kiranta bayanin hukuma. Amma salon na da nasa haɗari, domin kuwa a ƙasar da ake jayayya kan hujjoji, wani na iya ɗaukar ƙagen a matsayin tarihi.

A batun Trelew kuwa, kotu ce ta raba gardama. A watan Oktoban 2012 aka yanke wa tsofaffin jami'an sojan ruwa uku hukuncin ɗaurin rai-da-rai, bayan da kotu ta bayyana kisan a matsayin laifin cin zarafin bil Adama.

Martinez bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a Buenos Aires a watan Janairun 2010, yana da shekara 75.