Ciwon Zuciyar Littattafanmu Ƙarya Ne

'Yan uwa marubuta, sai yaushe za mu daina? Saurayi ya juya baya, budurwa ta yanke jiki ta faɗi, likita ya ce zuciyarta ta kumbura. Wannan lalaci ne, ba hikima ba.

Ciwon zuciyar da ke lahanta yara daban yake. Yarinya ta yi ciwon maƙogwaro daga bakteriyar Streptococcus, a kai ta wajen wanzami ya cire mata belu. Bayan mako biyu zuwa uku gaɓoɓi su kumbura, domin garkuwar jiki ta rikice, tana yaƙar ƙofofin zuciya a zaton ƙwayar cutar ce. Sai ta girma, ta ɗauki ciki, numfashi ya gagara, a garzaya Asibitin Koyarwa na Sakkwato. Alhali penisilin na kwana 10 zai iya tare wannan tun farko.

Mu 'yan Sifawa ba mu da uzuri. A nan Shehu Usmanu ya zauna yana rubutu don ilmantar da jama'a, kafin ya koma Sakkwato a 1815.

Kafin mu kwantar da tauraruwarmu asibiti, mu tambayi likita. Wata uwa tana karanta mu.