Wuƙar Aljihu Da Hanyar Sabha: Kada Mu Sayar Wa Matafiyi Jabu

Duk wanda yake da rumfar kayan koli ko tireda a kasuwar Jibiya, ko Illela, ko Mai'aduwa, ko Maigatari, ko kuwa a tsallaken iyaka a Birnin Ƙonni da Ɗan Isa da Magarya, ya san irin matasan da za mu yi magana a kansu. Za ka gan su da 'yar jaka a kafaɗa suna sayen tocila da tabarau da rawani da safar hannu da igiya, ba sa son dogon ciniki. In ka tambaye su ina aka nufa, sai su ce maka arewa. Daga cikin abin da sukan nuna da yatsa har da 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa. A kan wannan 'yar wuƙa muke son jan hankalin 'yan uwanmu 'yan kasuwa a yau, domin mun lura akwai hakkin da muke ɗauka a cikinta ba tare da mun ankara ba.

Arewan da suke faɗa ba kusa ba ce. Daga Agadas zuwa Dirku kaɗai kusan kilomita 650 ne a cikin hamadar Tenere, daga nan a wuce Sigidin da Madama, a tsallaka iyaka ta Tumo, a shiga Gatrun, sannan a isa Sabha, babban birnin yankin Fezan na kudancin Libiya. A Sabha akwai unguwar Tayuri, wadda yawancin mazaunanta Tubawa ne da Buzaye, kuma akwai baƙi 'yan ci-rani daga Nijar da Najeriya da Chadi da ke sauka a cikinta da kewayenta kafin su sami aikin gona ko na gini, ko su wuce Turabulus. Ba mu rubuta wannan don mu kwaɗaita wa kowa wannan tafiya ba. Hanya ce da ta ci rayuka masu yawa. Dokar da Nijar ta kafa a watan Mayu na 2015 don hana safarar baƙin haure ta sa direbobi da dama suka riƙa kauce wa babbar hanya da rijiyoyinta, abin da ya ƙara wa tafiyar haɗari, har zuwa watan Nuwamba na 2023 da gwamnatin soja ta soke dokar. Amma da doka da ba doka mutane ba su daina tafiya ba, kuma a rumfunanmu suke yin guzuri.

Ko shakka babu, a hamada ruwa shi ne gaba da komai, wuƙa ba ta kashe ƙishirwa. Sai dai duk wanda ya taɓa hawa bayan Hilux a wannan hanya zai gaya maka ba a wuni ba a neme ta ba. Da ita ake yanka igiyar ɗaure jarka, da ita ake gyara sandar da matafiyi yake riƙewa don kada ya faɗo, da ita ake fere wayar batir, a buɗe gwangwanin kifi, a yanka albasa da kilishi. In an sami akuya a wani zango, da ita ake yanka, addini kuma ya umurci mai yanka da ya wasa wuƙarsa don kada ya azabtar da dabba. In an isa Sabha aikinta bai ƙare ba, domin leburan gini da mai aikin gonar dabino ko tumatir kowannensu yana buƙatarta kullum.

A kwanakin baya wani yaro da ya taɓa yi mana dako a kasuwa ya dawo gida bayan shekara biyu yana aikin gona a gefen Sabha, yana kwana a Tayuri. Ya ba mu labarin cewa a tafiyarsu, tsakanin Dirku da Madama, tiyon lagireton motarsu ya fashe. Direba ya duƙufa a kan inji, ya ce wa fasinjoji su yanko masa roba daga wata tsohuwar taya don a ɗaure wurin. Yaron ya zaro wuƙarsa sabuwa ful, mai ƙyalli, irin mai maɓallin nan da ake dannawa ta fito da kanta. Ya danna ta ƙi fitowa, ashe rairayi ya cika cikinta. Da ya ɓamɓaro ta da ƙarfi ya ɗora a kan robar, sai ruwan wuƙar ya naɗe a kan yatsansa ya tsaga shi. Wani dattijo Buzu ne ya ciro wata tsohuwar wuƙa siririya, baƙa ƙirin, ya goga ta a kan dutse sau uku ko huɗu, ya yanko robar. Yaron bai yi mana faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Alhaji, wuƙar nan fa a layinku na saye ta." Wannan magana ta tsaya mana a rai.

Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan wuƙaƙen aljihun da ke rumfunanmu an yi su ne don ido. Ƙarfensu laushi gare shi, ba ya riƙe kaifi. Ƙusar da ke riƙe da ruwan wuƙar siririya ce, ƙotar kuma roba ce da aka shafa wa fenti. Wasu har da tambarin sanannun kamfanoni na ƙarya a jikinsu. Idan aka yi mana magana sai mu ce kayan Sin ne, alhali a ƙasar Sin ana yin mai kyau ana yin marar kyau. Birnin Yangjiang na lardin Guangdong ya shahara a duniya wajen ƙera wuƙaƙe, kuma abin da mai oda ya biya shi ake ƙera masa. Masu shigo da kayanmu ne suke zaɓar mafi araha, mu kuma mu saro ba tambaya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a hamada kuwa abin ya wuce maganar ado.

Ya kamata mu tuna cewa cinikin ƙarfe a wannan hanya ba baƙonmu ba ne. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi ta Murzuƙ ta ƙasar Fezan a 1850, ya iso Kano a 1851. A can ya tarar da ruwan takubba da fatake suke kawowa ta hamada daga garin Solingen na Jamus, masu sana'ar Kano kuma suna yi musu ƙota da kube su sayar. Wato kakanninmu sun san ƙarfe, sun san mai kyau, kuma da wannan sanin aka yarda da su daga Kano har Gat da Turabulus.

Wuƙa mai sauƙin kuɗi kuma mai aminci ba tatsuniya ba ce, an daɗe ana yin ta. A garin Solingen ɗin nan aka fara ƙera wuƙar Okapi a 1902 domin kasuwannin Afirka, sannan a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Tana da zobe a baya wanda sai an ja shi kafin ta naɗe. Akwai Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet na garin Thiers a Faransa yake yi tun 1929, ta kuma yi suna a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, musamman Aljeriya. Gaba ɗayanta ƙarafa shida ne: ruwan wuƙa, da ƙota ta farantin ƙarfe da aka lanƙwasa, da sufirin, da ƙusa biyu, da 'yar maratayi. Sai Opinel, ita ma ta Faransa, wadda aka fara yi a 1890, mai ƙotar itace, aka ƙara mata zoben kullewa a 1955. Lamba 8 ɗinta, wadda aka fi sani, tsawon ruwanta santimita 8 da rabi ne.

Ba talla muke yi wa waɗannan kamfanoni ba, kuma mun san gangariyarsu ba ko'ina ake samunta ba, ga shi su ma an yi musu jabu. Mun kawo su ne don a ga abin da ya haɗa su. Dukkansu ba su da tarkace. Abin da ya fi kashe wuƙar aljihu a hamada shi ne rairayi, kuma duk yawan maɓalli da ƙananan ƙarafa a cikin wuƙa, haka yawan wuraren da rairayi zai maƙale. Na biyu, asalinsu da baƙin ƙarfe ake yin su. Baƙin ƙarfe yana tsatsa idan aka bar shi da laima, amma yana ɗaukar kaifi da wuri, ko a kan dutse ko a gindin kofin tangaran, kuma ɗigon man gyaɗa ya ishe shi kariya. Farin ƙarfe mai kyau akwai shi, sai dai na araha yakan dakushe nan da nan.

Saboda haka muna ba 'yan uwa shawarar kafin mutum ya sari kwali, ya ciro guda ɗaya ya gwada. Ya buɗe ta ya girgiza ruwan hagu da dama, in yana rawa to ƙusar ba ta da kirki. In mai kullewa ce, ya kulle ta ya danna bayanta a jikin benci, yatsunsa nesa da bakin, ya ga ko za ta naɗe. Ya yanka igiyar leda sau goma, sannan ya gwada ta a kan takarda. Ya zuba mata ɗan rairayi ya hure, ya ga ko za ta buɗe. Wuƙar da ta faɗi wannan jarrabawa a inuwar rumfa ba za ta ci ta a Tenere ba. In kuwa dole sai an sayar da ita, to a gaya wa mai saye gaskiya cewa ta fere lemo ce da rake, ba ta tafiya ba. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, kuma dukkanmu mun san hukuncinsa.

Akwai kuma wani ɓangaren da bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba. Wasu matasan doguwar wuƙa suke nema, mai tsini da ban tsoro, wai don kare kai. Duk wanda ya san Sabha ya san wannan kuskure ne. A watan Maris na 2012 an gwabza tsakanin Tubawa da Larabawan Awlad Sulaiman, mutane fiye da ɗari suka mutu, unguwar Tayuri kuma ta sha wuta. A watan Yuli na 2015 aka sake yin wani a cikin unguwar tsakanin Tubawa da Buzaye. A wurin da aka saba jin manyan bindigogi, wuƙar baƙo ba za ta kare shi daga komai ba, illa ma ta ba mai bincike a shinge hujjar tsare shi ko tatsar ɗan abin da ya rage a aljihunsa. Wadda ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, wadda kowa ya gani ya san ta aiki ce, ita ta fi masa alheri. A gaya masa kuma in ta jirgin sama zai dawo, ba a shiga da ita a jakar hannu. A nan gida ma mun ga abin da 'yan daba da masu ƙwacen waya suke yi da wuƙa a Kano da sauran garuruwa. Ɗan kasuwa ba jahilin fuska ba ne, yakan gane matafiyi, yakan kuma gane yaron da idonsa ya juye. Ƙin sayar wa na biyun ba asara ba ce.

Mun san abin da wasu za su ce: mai saye ne yake son araha, in ban sayar ba maƙwabcina zai sayar. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wanda ya sayar da akuyar uwarsa ya yi kuɗin mota ba ya son ƙarin ko dala ɗaya. Amma a ajiye masa iri biyu mana, a nuna masa bambancin, a bar shi ya zaɓa da saninsa. Bugu da ƙari, matafiya suna magana da juna. A gidajen saukar baƙi na Agadas da ɗakunan Tayuri ana faɗin inda aka sayi kaya mai kyau da inda aka cuci mutum, kuma wanda ya dawo shi yake aiko ƙanensa. Ribar jabu ta rana ɗaya ce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwanninmu na kan iyaka da su zauna da masu shigo da kaya, a nemi a riƙa yin odar wuƙa marar tarkace mai ƙarfe mai kyau, ko da babu wani babban suna a jikinta, a kuma daina karɓar mai tambarin ƙarya. Muna kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya da ta sa ido a kan irin waɗannan ƙananan kaya. Haka nan muna jan hankalin maƙeranmu na Kano da Katsina da Maraɗi da Agadas, waɗanda suke ƙera wuƙar mahauta da sufirin ɗin mota ta yi shekaru tana aiki, da su gwada ƙera mai naɗewa, ko 'yar ƙarama mai kube da za ta shiga aljihu. In suka yi, mu ne ya kamata mu fara sara.

A wannan lamari wuƙa da nama suna hannunmu. Yaron da ya tsaya a gaban rumfa ya miƙo kuɗinsa bai san ƙarfe ba, yarda da mu ya yi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya kuma mayar da matafiyanmu gida lafiya, amin.