Ilmin Muhalli: Karatun Da Ƙasar Yauri Take Bukata

Idan aka tambayi 'yan ajinmu abin da za su karanta a jami'a, wannan ya ce likita, wancan ya ce lauya, wani kuma injiniya. Ni kuwa da na ce ilmin kula da muhalli nake so, sai aka bushe da dariya, wai zan tafi jami'a in koyo shara da dashen itatuwa. To, 'yan'uwana ɗalibai, ku ba ni aron kunnuwanku in faɗa muku dalilina.

Kowa ya san madatsar ruwa ta Kainji. An fara gina ta a 1964, aka gama a 1968. Da aka tare kogin Kwara sai ruwa ya kwanta ya zama tabki mai tsawon kilomita fiye da 130, ya kai har ƙasar Yauri. Mutane wajen 44,000 aka tasa daga gidajensu. Tsohon garin Busa ya nutse, tsibirai da yawa inda Gungawa suke noman albasa da rani su ma ruwa ya shanye su. Ƙasa ta sami wutar lantarki, wannan alheri ne babba. Amma tun daga ranar, zaman mutanen Yauri da Ngaski da Shanga ya rataya a kan yadda ake sarrafa ruwan nan.

Mu ɗauki kifi. A 1971 abin da aka kama a tabkin ya haura tan 28,000, amma kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Daga baya kamu ya farfaɗo, sai kuma tarun nan mai ƙananan idanu da ake kira dala ya yawaita. Shi kuwa dala ba ya barin babba, ba ya barin ƙarami, har 'ya'yan kifin da ba su isa yin ƙwai ba kwashewa yake yi. Saboda haka ne jihohin Kebbi da Neja suka hana shi a ƙarshen shekarun 1990. Wa ya gano wannan ɓarna? Masana ne na cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa, waɗanda suka bi masunta kwata-kwata suna awo suna rubutawa. Watau da ilmi aka gane ciwon, da shi kuma aka nemi magani.

Haka kuma wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta biyo kogi ta shigo tabkin wajen ƙarshen shekarun 1980. Tana rufe fuskar ruwa, ta hana jirgi wucewa, ta lalata taru. Sai da aka gitta shinge a kogin wajen Zamare domin tare ta.

Ga kuma ambaliya. Kwara sau biyu yake cika a shekara: sau ɗaya da ruwan daminarmu, sa'an nan da hunturu idan ruwan da ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini ya iso. Wanda ya san lissafin wannan zai iya gaya wa manomin fadama lokacin shuka da lokacin kaucewa. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, manoma da yawa suka tashi babu ko iri. Sa'an nan ga haƙar zinariya da ake yi a yankinmu. Kada mu manta da yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ta dalilin niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Wa zai auna mana ruwan rijiyoyinmu kafin irin wannan ta same mu?

Masu yi mini dariya suna cewa babu aiki a wannan fanni. Ban raina maganarsu ba, domin iyayenmu ba su sayar da hatsi suka biya mana kuɗin karatu don mu dawo mu zauna ba. Amma ga ma'aikatun muhalli da na gona, ga cibiyar Sabuwar Busa, ga gandun namun daji na Kainji, ga hukumar HYPPADEC da aka kafa don raya yankunan da madatsun ruwa suka shafa. Duk suna bukatar ma'aikata masu ilmi. Wurin karatun ma bai yi nisa ba: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tana koyar da ilmin gandun daji da na kifi, Jami'ar Bayero a Kano kuma tana da sashen kula da muhalli.

Abin da ya fi damuna shi ne, in ba mu karanta ba, baƙi ne za su riƙa zuwa su yi mana bincike su tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan Basarke ko ɗan Bagunge da ya tashi da filafili a hannu, in ya haɗa sanin da ya gada da na jami'a, masunta za su fi saurin jin maganarsa.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su ƙara ƙarfafa mana gwiwa a darussan kimiyyar halittu da haɗa magunguna da labarin ƙasa. Ku kuma 'yan'uwana, ko mutum uku ne daga kowane aji su zaɓi wannan fanni. Likita yana warkar da wanda ya sha gurɓataccen ruwa, mu kuma sai mu hana ruwan gurɓacewa tun farko.