Agogo Ɗaya, Ƙasashe Biyu: Inda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Ke Yin Asara

Sanin kowa ne cewa jirgin ƙasa ne ya raya garin Kafanchan. Tun daga 1927, lokacin da aka haɗa layin dogo na Fatakwal da na Jos a nan, garin ya saba da ganin kaya suna shigowa suna fita. Amma kayan da suke fita yanzu ba duka ne ke cika tarago ko babbar mota ba. Akwai ɗan ƙunshin da bai fi tafin hannu ba: samfurin busasshiyar citta daga Kwoi ko Kachia da mai saye a Indiya ko Holan ke son gani kafin ya yi odar kwantena, ko kuwa agogon hannu, tsohon Seiko ko Omega da wani ya gada daga mahaifinsa ma'aikacin reluwe, wanda wani mai tara irinsu a Landan ya gani a intanet ya taya da fam ɗari biyar.

Agogon nan shi ne ya fi dacewa mu yi misali da shi, domin kuwa ya haɗa duk abin da ke sa aike ya yi wuya. Ba shi da nauyi, yana da tsada, yana shiga aljihu, kuma bugu ɗaya ya isa ya tsayar da shi. Ra'ayina shi ne, yawancin masu aikawa suna neman sauƙi ne a inda babu shi, suna kuma barin inda sauƙin yake.

Hanya ta farko da mutanenmu ke bi ita ce ba matafiyi saƙo. Wane zai tafi Ingila ranar Laraba, sai a damƙa masa. Ba a biya ko kwabo ba, gaskiya ne. To amma babu rasit, babu lambar bin sawu, babu sa hannun wanda ya karɓa. Idan mai saye ya ce bai ga komai ba, mai kaya ba shi da hujjar da zai nuna wa banki ko kasuwar intanet ɗin da aka yi cinikin a cikinta. Ɗan Nijeriya kuma, tun zamanin wasiƙun 419 na shekarun 1990, shi ake fara zargi kafin a saurare shi. Wannan tabo ba laifin mai sayar da agogo a Kafanchan ba ne, amma shi ke biyan kuɗinsa, kuma takarda kaɗai ke wanke shi.

Hanya ta biyu ta fi wannan haɗari, watau rage darajar kaya a takardar kwastan. Kowane ƙunshi da zai ƙetare iyaka ta gidan waya yana tafiya da fom CN22 ko CN23, bisa tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya mai hedkwata a Bern. Na farkon na kayan da darajarsu ba ta wuce SDR 300 ba ne, SDR kuwa ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ɗayansa ya ɗan fi dala ɗaya. Sau da yawa mai saye da kansa ne zai roƙa a rubuta "kyauta, dala 20" don ya tsere wa haraji. Mai kaya ya yarda don kada ciniki ya watse. Ranar da ƙunshin ya ɓata, abin da aka rubuta shi ne iyakar abin da za a iya nema. Idan kuma jami'in kwastan a can ya buɗe ya ga Omega, yana da ikon riƙe kayan da cin tara. Riba ta mai saye ce, kasada ta mai kaya.

Ya kamata 'yan kasuwa su san lissafin diyya, domin a nan ne aka fi ruɗuwa. Mutum yana ganin tunda ya biya DHL, FedEx ko UPS kuɗi mai kauri, to kayansa suna da inshora. Ba haka ba ne. Kayan da suka bi jirgin sama suna ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ke auna diyya da nauyi, ba da daraja ba. Tun daga ƙarshen Disamba 2024 iyakar ita ce SDR 26 a kan kowane kilo. Ƙunshin agogo mai rabin kilo ke nan diyyarsa SDR 13, abin da bai kai dala 20 ba, ko da agogon na dala dubu ne. Maganin wannan guda ɗaya ne: a bayyana darajar gaskiya, a biya kuɗin inshora daban, kuma kafin a biya a tambaya a rubuce ko inshorar ta shafi agogo, tunda kamfanoni da dama suna sa agogo da gwal a jerin kayan da suke taƙaita wa diyya. Agogon da bai wuce dala 50 ba, EMS ta hukumar NIPOST ta wadatar, muddin akwai lambar bin sawu. Wanda ya kai ɗaruruwa, tsimin kuɗin inshora a kansa caca ce.

Inda sauƙin gaskiya yake shi ne kwali. Kamfanonin aike suna auna girma su kwatanta da nauyi, su caji wanda ya fi yawa. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 30 da 20 da 15 zai ba da kilo 1.8, a caje shi kilo 2, alhali agogon bai kai giram 200 ba. Mai 15 da 10 da 8 kuwa bai kai rubu'in kilo ba, sai ya faɗa farashin rabin kilo. A naɗe agogon a soso ko auduga yadda ba zai yi motsi ba, a sa shi a ƙaramin kwali, a sa wannan a cikin wani, kuma kada a rubuta sunan kamfanin agogon a waje. A ɗauki hoton lambar da ke bayansa, da hoton ƙunshin a kan sikeli. Idan mai batir ne, batirin ya zauna a cikinsa, domin batirin litiyom da ke sake yana iya sa a mayar da ƙunshi daga filin jirgi. Wani abin da ba a cika sani ba: maɗaurin fatar kada ko ta mesa yana buƙatar izinin CITES. Gara a cire shi a sa na fatar saniya.

Sai batun haraji a ƙasar mai saye, wanda ya sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan. Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin VAT na kayan da ba su kai Yuro 22 ba tun 1 ga Yuli 2021. Amurka ta dakatar da nata rangwamen na dala 800 ga dukkan ƙasashe daga 29 ga Agusta 2025, har NIPOST ta sanar a wancan lokaci cewa za a biya dala 80 a kan ƙunshin kaya mai zuwa can. Saboda haka tilas ne a yi magana tun kafin a rufe ciniki: wa zai biya harajin shiga? Idan ba a yi ba, mai saye zai ƙi karɓa, kaya su dawo, mai kaya ya biya zuwa da komowa. A rubuta lambar kwastan daidai, 9102 ga agogon ƙarfe, 9101 ga mai gidan zinariya ko azurfa.

A ɓangarenmu ma akwai doka. Wanda ya mai da wannan sana'a, ba sau ɗaya ba, yana buƙatar rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya, NEPC, da cike fom NXP ta bankinsa, da dawo da kuɗin cikin kwana 180 kamar yadda Babban Banki ya shimfiɗa. An tsara wannan ne da masu kwantena a zuciya. Mai agogo ɗaya ko kilo biyu na samfurin citta yakan ga tsarin ya fi ƙarfinsa, sai ya koma ga matafiyi, kuɗin kuma su shigo ta bayan fage, ƙasa ba ta ƙirga su ba.

A nan ne nake ganin hukuma ta yi sakaci. Kudancin Kaduna shi ne cibiyar citta a Nijeriya, kuma bayan cutar da ta cinye gonaki a 2023, manoma da dillalai suna buƙatar sake jawo masu saye, abin da ke farawa da aika samfur. Duk da haka jirgin da zai ɗauki ƙunshin yana Abuja, Kano ko Legas, kuma wanda ke son inshora da cikakkun takardu sau da yawa sai ya hau mota zuwa Jos, ko ya bi ta Kwoi da Keffi zuwa Abuja. Kuɗin motar da yinin da ya ɓata suna iya cinye ribar agogon. Tebur guda a gidan wayar Kafanchan, da ma'aikacin NIPOST da wakilin NEPC ko da sau ɗaya a mako, da sikeli, da jerin farashin inshora a manne a bango, ba zai ci kasafin kuɗi ba. Kafin a samu haka, ƙungiyoyin 'yan kasuwar garin suna iya tara ƙunshin mambobinsu, mutum ɗaya ya kai Abuja kowace Litinin, ya dawo wa kowa da rasit da lambarsa.