Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

Maganarmu ta wannan mako a kan tsofaffin kwamfutoci ta ke, waɗanda ke jibge a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu, tun daga Dutse har Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun, ƙura tana cinsu.

Ga dalilin da ya sa muka ta da zancen. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, watau wadda ke tafiyar da dukan sauran, kuma wadda muka fi sani ita ce Windows. To, ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannu daga kula da Windows 10, sai fa ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 7 kuwa tun Janairu, 2020, aka sallame ta. Manhajar da aka daina yi wa gyara kamar gida ne da katangarsa ta zube, ɓarayin intanet ba su bukatar sallama. Ita kuma Windows 11 ba ta zama sai a kan na'ura mai ƙarfen tsaro da a ke kira TPM 2.0, da inji na kwanan nan, alhali da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke hannunmu ba su kai nan ba. Wadansu sukan sa ta sata, wannan kuwa cin haƙƙi ne, sau da yawa ma da cuta a ciki ta ke zuwa.

Akwai mafita ta halal, sunanta Linux. Wani ɗalibi ne a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya ba da sanarwar fara ta ran 25 ga Agusta, 1991. Bayan kwana biyu, ran 27, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ashe tsararmu ce. Kyauta a ke ba da ita, kuma an yarda kowa ya kwafa ya ba ɗan'uwansa.

Linux iri iri ce, zaɓen kuwa daidai ruwa daidai tsaki. A fara duba ƙwaƙwalwar aikin na'urar, wadda masu gyara ke ce wa RAM. In ta kai giga 4, Linux Mint ta fi dacewa da wanda ya saba da Windows, don fuskarsu ta yi kama. In giga 2 ce, a nemi Lubuntu, ƙanwar Ubuntu marar nauyi. In kuwa na'urar ta tsufa ƙwarai, irin mai bit 32, waɗannan biyu ba za su hau ba, sai antiX.

Sa'an nan ga yadda a ke sa ta. Da fari a kwashe dukan takardu da hotuna a ajiye a wani wuri dabam, gama in an zaɓi share faifai, babu abin da zai tsira. A sauko da manhajar daga gidanta na asali. Nauyin Mint wajen giga 3 ne, amma saukowa ɗaya ta ishi makaranta guda. A ɗora ta a kan filas mai giga 8 da wata 'yar manhaja mai suna Rufus. A soka filas ɗin, a kunna na'ura a danna F12 in Dell ce, ko F9 in HP ce, a zaɓi tashi daga filas.

A nan a dakata, kada a yi garaje. Linux za ta buɗe ba tare da ta taɓa faifai ba. A gwada sauti, da intanet, da injin buga takarda, gani ya kori ji. In kome ya yi daidai, sai a danna alamar girkawa, bayan an tabbata batir a cike ya ke, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ɓarna ce.

Akawu zai tarar da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel, ko da ya ke wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Malamin Hausa kuma zai sami allon rubutu na Hausa a ciki, mai ɓ da ɗ da ƙ. Amma gaskiya ɗaya ce: CorelDraw, wadda masu buga katin biki ke cin abinci da ita, yanzu ba a yin ta don Linux. Akwai Inkscape a madadinta, sai dai sai an koya. Mai irin wannan sana'a ya yi tunani kafin ya share Windows.

Kiranmu ga shugabannin makarantu ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta a ke yin ta. Abin tausayi ne yaro ya taso daga Gwaram ko Miga ko Buji, ya fara taɓa madannai ran jarrabawa, alhali ga na'urori a kulle a sito. A fito da su, a nemi ɗaliban ilmin kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutse su taimaka a lokacin hutu. A fara da guda ɗaya, in ta yi kyau a bi sauran.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.