Dillancin Ilmi Daga Dubai

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in yi magana a kan wani aiki na zamanin nan, wanda na ga ya dace da 'ya'yanmu ƙwarai, amma kuma ina jin tsoronsa.

A birnin Dubai, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, akwai kamfanoni masu sayar da karatu ta intanet. Watau malami ya yi darasi a ɗauki hotonsa da muryarsa, yaro ya kalla a wayar hannu ko kwamfuta, uban yaro ya biya. Garin ya daɗe yana jawo irinsu, gama tun 2003 aka keɓe unguwa guda domin makarantu da masu horarwa, wadda yanzu ake kira Dubai Knowledge Park. In kamfani ya ƙoshi da kasuwar gida sai ya nemi ta waje, ya ɗauki ma'aikaci mai harshe biyu ya tura shi ya buɗe hanya. Shi ne zai zauna da masu makarantu, da ma'aikatar ilmi, da kamfanin waya, a daidaita farashi, sa'an nan ya komo ya gaya wa iyayen gidansa abin da mutanen ƙasar ke so.

To, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Dillanci ne. Kakanninmu da suka zauna Salaga da Kumasi saboda cinikin goro, da shi suka ci abinci. Fatake su sauka gidan mai masauki, shi ya ji harshensu ya ji na 'yan ƙasa, ya nemo mai saye, ya tsaya wa bashi. Yaron zango na yau kuwa ya tashi da Hausa a gida, da Larabci a makarantar allo, da Ingilishi ko Faransanci a boko, ga kuma Tuwi ko wani harshe da ya tsinta a kasuwa. Dubai fa Larabci ne harshen hukuma, Ingilishi ne na ciniki. Ashe kayan aikin suna hannunmu, mu ne ba mu ɗauke su a bakin kome ba.

Ku dubi abin da su Larabawa suka yi wa harshensu. A 2017 Sarkin Dubai, Shaihu Muhammad bin Rashid Al Maktum, ya kira masu sa kai su juya kalmomi miliyan 11 na lissafi da kimiyya zuwa Larabci. A watan Oktoba 2018 aka buɗe dandalin Madrasa da darussa 5,000, kyauta. Sun gane yaro ya fi kama lissafi da harshen da yake mafarki da shi. Lalle duk kamfanin da zai shigo Afirka ta Yamma sai ya koyi wannan. Sai ya san yaron Gana da na Nijeriya jarrabawar WAEC suke fuskanta, na Nijar kuwa tsarin Faransa yake bi. Sai ya san iyayenmu kaɗan-kaɗan suke biya ta kuɗin waya, ba na shekara a dunƙule ba, kuma sau da yawa waya ɗaya ce a gida, tana aljihun uba har dare. Wa zai gaya musu in ba ɗan gida ba?

Tsorona kuwa ga shi. Kamfanin Byju's na Indiya, wanda ya sayar da darussansa har ƙasashen Larabawa, an ƙiyasta darajarsa dala biliyan 22 a 2022, har sunansa yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar ƙwallon duniya a Katar. A watan Disamba 2022 hukumar kare haƙƙin yara ta Indiya ta kira shugabansa saboda zargin cewa masu tallarsa suna cusa iyaye cikin bashi. A watan Yuli 2024 kotu ta buɗe shari'ar karyewarsa. Masu kamfani suna da lauyoyi. Mai talla kuwa, wanda ya shiga zauren mutane ya yi musu magana da harshensu har suka yarda, shi ne zai haɗu da su a masallaci ran Juma'a. Mu akawuna mun san wannan: wanda ya sa hannu a takarda shi ake nema.

Saboda haka duk ɗanmu da aka yi wa tayin wannan aiki, ya zauna ya kalli darussan da kansa tukuna, ya gwada wa ƙanensa ya ga ko ya ƙaru. Ya tambaya albashi ne ko lada kawai a kan kowane kai da ya kawo, gama mai cin lada kaɗai yunwa ke sa shi ƙarya. Ya tambaya in uba ya fasa, ana mayar masa da kuɗinsa? Kuma kada ya yarda a ajiye shi tafinta, ana kiransa in an rasa kalma. Ya nemi a ji shawararsa kan farashi da abin da za a koyar. In aikin na zama can Dubai ne, ya karɓi takardar yarjejeniya da izinin aiki kafin ya fara, domin bizar ziyara ba ta halatta aiki ba, dokar ƙwadago ta ƙasar kuwa, wadda ta fara aiki a 2022, ta hana mai gida ya riƙe fasfon ma'aikaci ko ya karɓi kuɗin ɗauka daga hannunsa.